Gwajin ƙwaƙwalwa kafin tiyatar farfaɗiya, yadda muka gan shi

Gaskiya sashen asibitin da suka yi wa ƙanina wannan gwajin sun burge ni. Ƙanina farfaɗiyarsa ta ƙi jin magani, an gwada kala biyu ba sauƙi shine aka fara maganar tiyata, amma sai an auna yadda yake riƙe abu a kai tukun. Likitar ta karanto masa jerin kalmomi ya maimaita, can anjima ta sake tambayarsa ba zato, sai hotuna ya faɗi sunansu. Kuma wallahi bata ɓoye mana komai ba, tace tunda ciwon a gefen hagu na ƙwaƙwalwa yake saitin kunne, ɓangaren da ke riƙe kalmomi a yawancin mutane, bayan aiki zai iya riƙa laluben suna ya rasa. Haka kuwa akayi, faɗuwar ta tsaya alhamdulillah amma wani lokacin sai kaji yace "miƙo min abin nan" alhali cokali yake nufi.

Ƙorafina tsawon gwajin ne, awanni yana zaune ya gaji lis, rahoton kuma turancin likitoci zalla sai da muka koma aka warware mana. Ku matsa ayi na bayan tiyata ma, dashi ake kwatanta na farko.