Wata Goma Sha Huɗu da Kaskon Ƙarfen Kabon a Kicin Ɗina

Sai da na jefar da kaskon nonstik, wato mai shafin da ke hana abinci kamawa, guda uku a cikin shekara huɗu, kowanne ya fara ɓarewa yana barin baƙaƙen ɓurɓushi a cikin wainar ƙwai, kafin na saurari shawarar ƙanina da ke aikin girki a wani otal a Abuja. Ya daɗe yana gaya mini cewa a wurin aikinsu babu mai ɗora nama a kan irin wancan kaskon, domin duk suyar da ke buƙatar wuta mai ƙarfi da kaskon ƙarfen kabon ake yin ta. Yau wata goma sha huɗu ke nan da na sayi nawa, kuma ina ganin na zauna da shi isasshen lokacin da zan faɗi abin da na gani.

Kaskon kusan ƙarfe ne zalla, wato kimanin kashi 99 cikin 100, sai sinadarin kabon da bai wuce kashi 1 ba, saɓanin kaskon ƙarfen zubi wanda kabon ɗinsa kan kai kashi 2 zuwa 4. Ba zuba shi ake yi a mazubi ba, fallen ƙarfe ake matsawa a fitar da siffarsa, shi ya sa fuskarsa take sumul kuma ya fi na zubi saurin ɗaukar zafi. Masu girkin Faransa sun daɗe da shi, har akwai masana'antu irin su De Buyer da suke aiki tun 1830, kuma yawancin zurfafan kaskon da Sinawa ke soya abinci a ciki da wannan ƙarfen ake ƙera su. Nawa faɗinsa santimita 28 ne, kaurinsa milimita 3, nauyinsa kuwa ya kusa kilo 2, wanda duk mai ciwon wuyan hannu ya kamata ya yi la'akari da shi tun kafin ya biya kuɗi.

Ya zo mini fari fat yana sheƙi, an shafe shi da kakin zuma don kada ya yi tsatsa a hanya. Na wanke kakin da ruwan zafi da sabulu, na tsane shi a kan wuta, sannan na tafka kuskuren da nake zaton yawancin sababbin shiga suna yi. Na ɗauka cewa idan mai ne zai horar da kasko, wato ya sa abinci ya daina kamawa a cikinsa, to yawan man shi ne alheri, don haka na malala man gyaɗa na bar shi yana hayaƙi har kicin ya turnuƙe. Da ya huce sai na tarar da wani abu ruwan ƙasa mai danƙo kamar narkakkiyar alewa, wanda yatsa ke maƙalewa a jikinsa.

A haka mahaifiyata ta same ni. Ta juya kaskon, ta ƙwanƙwasa gindinsa da farce, ta ce: "Ai wannan tanda ce aka yi wa mariƙi, me ya sa ba ki tambaye ni ba?" Na ce: "Inna, a takardarsa an rubuta a sa mai." Ta ce takardar ba ta ce a yi masa wanka da shi ba. Ta sa na kankare danƙon da soson ƙarfe har farin ya dawo, ta ɗiga mai da bai kai rabin ƙaramin cokali ba, ta shafe ko'ina da tsumma, sannan ta ɗauki busasshen tsumma ta goge kamar wadda ta yi nadamar zubawa. Muka ɗora a wuta har hayaƙin ya tashi ya kwanta, muka sauke ya huce, muka maimaita sau huɗu. Daga baya ƙanina ya yi mini bayanin dalilin: idan siririn mai ya wuce zafin da yake fara hayaƙi, wanda ga tataccen man gyaɗa yake kusan digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, sai ya rikiɗe ya zama busasshen shafi mai tauri da ke manne da ƙarfen. Idan man ya yi kauri, samansa kaɗai ke ƙonewa, ƙasan ya tsaya yana danƙo.

Duk da haka, ƙwan da na soya a makon farko ya kama, sai da na ƙwaƙule shi da cokali. Horon ranar farko tushe ne kawai, ainihin aikin girki ne yake yin sa. Na shafe kusan wata biyu ina soya albasa da dankalin turawa da doya da agada a cikinsa, launinsa yana tafiya daga ruwan zuma zuwa ruwan ƙasa mai dabbare-dabbare, har ya zama baƙi ƙirin a tsakiya. Na kuma koyi tsarin da ba ya saɓawa: kasko ya yi zafi tukuna, sannan mai, sannan abinci. Idan na shimfiɗa yankan nama, ba na taɓa shi sai ya saki da kansa, kuma jan da yake yi a gefen da ya kwanta ban taɓa samun irinsa a nonstik ba, wanda dama shafinsa na Teflon yake fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260. Yanzu wainar ƙwai zamewa take yi idan na karkata mariƙin.

Aibobinsa kuwa ba ƙanana ba ne. Ba ya shiri da tsami ko kaɗan. Ranar da na yi gangancin soya miyar tumatir a cikinsa na kusan rabin awa, na kwashe miyar na tarar da tsakiyarsa ya koma fari, miyar ma ta ɗauki ɗanɗanon ƙarfe, kuma haka zai yi da tsamiya ko lemun tsami. Mariƙinsa ma ƙarfe ne, yana ɗaukar zafi idan suya ta yi tsawo, saboda haka tsumma ba ya nisa da ni.

Babban abokin gabarsa shi ne ruwa. Lokacin hunturu bai ba ni wahala ba, amma a tsakiyar damina, cikin watan Agusta, 'yata ta jiƙa shi tare da sauran kwanuka ya kwana a baho, da safe muka iske shi ja jawur da tsatsa. Hankalina ya tashi, sai dai gyaran bai kai minti talatin ba: soson ƙarfe, ɗauraya, busarwa a wuta, da shafin mai sau biyu. A nan ne na gane bambancinsa da waɗanda na jefar, domin shi duk ɓarnar da aka yi masa ana iya mayar da shi yadda yake.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa, amma ba ta karɓar jinkiri. Ina wanke shi da ruwan ɗumi tun bai gama hucewa ba, idan wani abu ya kama in goge da gishiri da ɗan mai, kuma ɗan sabulu jefi-jefi bai taɓa cutar da shi ba. Daga nan sai in mayar da shi kan wuta minti ɗaya, in shafa ɗigon mai, in rataye. Wanda ya saba tara wanke-wanke har gobe, ko gidan da hannaye da yawa ke shiga kicin, zai sha ɓacin rai da shi. Ni dai na ware masa suyar ƙwai da nama da kifi, miya kuma ta koma tukunyar silba, kuma a watan jiya na sayi ƙaraminsa mai santimita 20 saboda ƙwan karin kumallon yara.