Ɗabib nafsi ko akhissa'i nafsi: wa ƙanwarki za ta fara gani?

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi na Sudan. Yadda na fahimci bayaninki, ƙanwar taki ta baro Wad Madani ne lokacin da mayaƙan RSF masu yaƙi da sojojin Sudan suka shiga garin a Disambar 2023, ta biyo ta Bur Sudan har ta iso wurinki a Jidda. Jiki kam garau, amma har yau ba ta barcin kirki, tana zabura cikin dare, in an buga ƙofa da ƙarfi sai jikinta ya ɗauki ɓari, kuma ba ta zama a falo in an kunna labarai. Kun je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, an ce muku akwai ɗabib nafsi, likitan ƙwaƙwalwa, akwai akhissa'i nafsi, masanin halayyar ɗan Adam mai jinya ta hanyar tattaunawa, aljihu kuwa ba zai ɗauki biyun ba. Ga kuma Hajiya babba tana cewa ruƙiya ta isa.

In ɗaya kawai za ku iya, ni dai akhissa'i zan ce, amma wanda ya iya aikin sadma, wato ciwon firgicin da tashin hankali ke bari a zuciya, ba kowane ba. Akwai yanayin da likitan ne dole a fara gani, zan zo kansa.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da abin da mutanen asibiti ke kira PTSD, duk da ba ni ce zan yanke wannan ba. Alamominsa sanannu ne: abin ya riƙa dawowa a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa, mutum ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, jiki kuma ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana. In hakan ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, ya tashi daga tsoron da lokaci kan share shi kaɗai. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da yaƙi ya taɓa na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa.

Ɗabib nafsi cikakken likita ne, shi ke da hurumin rubuta magani. Zaman farko yakan ɗan ja, zai tambayi barci, ci, tarihin gida, wani lokaci ya tura a auna jini, don ƙarancin jini ma kan kawo faɗuwar gaba da kasala. Zuwan da ke biyo baya gajeru ne: yaya maganin, ya karɓe ki, a ƙara ko a rage. Maganin da aka fi bayarwa irin su sertraline ne. Ba ya aiki yau-yau, sai ya ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga haske, kuma kwanakin farko yakan zo da tashin zuciya ko ciwon kai. A nan mutanenmu da yawa ke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. In ya kama, watanni ake yi ana sha, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke ragewa sannu a hankali.

Wanda nake jiye mata shi ne ƙwayar barcin nan da ake miƙa wa juna daga jaka, Xanax da Valium da danginsu. Daren farko za ki ce an yi ruwa an ɗauke. Bayan 'yan makonni jiki ya saba, guda ɗaya ba ta isa, ga ciwon yana nan inda yake. Tun a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunnen likitoci kan ba da irinsu ga wanda ya fito daga tashin hankali. Duk maƙwabciyar da ta ce ta kawo mata taimako, ki yi godiya ki mayar mata da abinta.

Akhissa'i kuwa ba ya rubuta ko Panadol. Zama ake yi, jalsa, kusan awa guda, yawanci sau ɗaya a mako. Ƙa'idar da hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fitar a 2018 ta sa wannan hanya a gaba da magani, ta ce zama 8 zuwa 12 ne aka saba, a ƙara in abin da mutum ya gani ya yi yawa. Sai dai a nan ne ake yawan asarar kuɗi, domin ba kowace hira ce magani ba. Akwai wanda za ki biya ya saurare ta, ya gyaɗa kai, ya ce ta yi haƙuri ta riƙa motsa jiki. Wannan ke ma kin iya, kyauta.

An taɓa gwada bambancin a kan 'yan gudun hijirar Sudan ɗin kanta, mutanen kudu da ke sansanin Imvepi a Uganda, aka fitar da sakamako a 2004. Mutum 43 ne kacal, don haka ba na cewa an gama magana da shi, amma ki duba. Wasu an yi musu hirar lallashi da ba da baki, wasu kuma zama huɗu na hanyar da ake kira NET. Bayan shekara guda, kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka lallasa suna nan da ciwonsu, masu NET kuwa kashi 29 ne suka rage da shi.

Yadda ake yin NET ɗin shi ya fi burge ni. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa, a ce wannan rayuwarki ce, ga haihuwarki a wannan bakin, ragowar da ke naɗe kwanakin da ba su zo ba ne. Sai a ba ta furanni da duwatsu. Ranar saukar karatunta fure, rasuwar baba dutse, aurenta fure, ranar da aka tsayar da motarsu a shinge dutse. A zaman da ke biye sai a ɗauki duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ba da labarin daki-daki: me ta gani, me ta ji, me ya zo mata a rai, ina jikinta ya ƙage. Akhissa'in yana rubutawa, ya karanta mata, ta gyara. Dalilin kuwa, ƙwaƙwalwar da ta firgita takan ajiye abin a warwatse, ƙara daban, wari daban, babu kwanan wata a jiki, shi ya sa bugun ƙofa a Jidda ke mayar da ita Madani. In labarin ya jeru ya samu farko da ƙarshe, sai ya koma abin da ya wuce. Akwai kuma EMDR, wadda ake sa mutum ya tuno abin a ransa yana bin yatsan akhissa'i da ido hagu da dama. Ita ba ta buƙatar a faɗi komai dalla-dalla, ta dace da mai nauyin baki.

Ki sani fa akwai zafi. Wankin gyambo ne, makonnin farko mafarkin kan iya ƙaruwa, ta dawo gida ido a kumbure ta ce ba za ta koma ba. Nan ne za ki yi mata amfani, ki raka ta, ki karɓar mata girkin ranar. Ta fuskar kuɗi kuma, magani ya fi sauƙi a wata, jalsa goma a asibitin kuɗi ba ƙaramin abu ba ne. Amma jalsar tana da ranar ƙarewa, abin da ta koya kuma yana nan tare da ita, shi kuwa magani in an ajiye shi da wuri ciwon kan leƙo.

Likita ne farko, ba jira, in ta fara maganar gara ta mutu, ko tana jin muryoyin da babu su, ko ta kwana biyu-uku ido biyu, ko ta daina ci. In abin ya zo da gaggawa ku nufi ɗawari, sashen gaggawa na asibiti, ko ki kira 997, lambar motar ɗaukar marasa lafiya. Haka in baƙin cikin ya danne ta har ba ta iya zama a yi magana, magani ne zai ɗaga ta tukuna, jalsa ta biyo baya. In tana da ciki ko goyo, a gaya wa likitan tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Maganar Hajiya babba kuma, kada ki ja da ita. Ruƙiya halas ce matuƙar babu shirka, kuma babu ma'aikacin lafiya mai hankali da zai hana ta azkar ɗinta. Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda asibitin Omdurman ke ɗauke da sunansa, da shehunan tsangayu masu yi wa mutane ruƙiya ya riƙa aiki kafaɗa da kafaɗa. A yi duka biyun. Wanda za ki tsare ƙofa a kansa shi ne mai duka ko shaƙe wuya wai yana fitar da aljani, da mai cewa a zubar da maganin asibiti. Yarinyar da ta tsira daga hannun masu bindiga ba ta buƙatar wani ya sake danne ta. Masu cewa rashin tawakkali ne kuwa, ki tuna musu Annabi Yaƙuba, wanda baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari.

Kafin ki biya ko riyal ɗaya, ki kira 920033360, layin shawara na cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, ko 937 na ma'aikatar lafiya, ki ji ina za su nuna muku. In mijinki yana da ta'amin, wato inshorar lafiya, kuma an sa ta a ciki, a tambayi kamfanin ko yana ɗaukar jalsa. In kin samu akhissa'i, ki tabbatar yana da lasisin Hai'atut Takhassusat, hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a Saudiyya, sannan ki tambaye shi kai tsaye: kana aikin sadma, da wace hanya, zama nawa kake hasashe? In ya kama kame-kame, ki ƙara gaba. Ki nemi mace in hali ya yi.

Tunda tashin Madani ce, Larabci ba zai ba ta wahala ba, don haka babu dalilin da zai sa ki shiga ɗakin da sunan tafinta. An ba da rahotannin abubuwan da aka yi wa mata a Jazira, jihar da Madani take, waɗanda ƙanwa ba za ta iya furtawa a gaban yayarta ba. Ki kai ta, ki zauna a waje, in ta fito kada ki tambaye ta me ta ce.