Bitamin C, zink ko bitamin D: wanne ya cancanci kuɗinki a hunturun Jos?

Hajiya, kin ce tun da sanyi ya kankama mura take ta zagaya gidanki, daga autarki mai shekara biyu zuwa yayyenta 'yan firamare, har da maigida da surukarki da ba ta cika fita ba. Kin je kemis an jera miki abu huɗu: bitamin C na miligiram 1,000 mai narkewa a ruwa, ƙwayar zink, bitamin D, da wata kwalbar maltibitamin mai tsada da aka rubuta wa cewa tana ƙara garkuwar jiki. Kuɗin guda ɗaya ne a hannunki, kina tambaya wanne za ki ɗauka.

A ganina babu ko ɗaya a cikinsu da ya dace ki saya don kowa da kowa a gidan ya riƙa sha. Kowanne yana da mutumin da zai yi wa amfani, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Garkuwar jiki tana buƙatar dukkan waɗannan sinadarai, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu cuta tana saurin kama shi. Amma idan jiki ya samu iya abin da yake buƙata, ƙari ba ya ɗaga garkuwar sama da yadda take. Kamar randa ce, in ta cika duk ruwan da aka ƙara ƙasa yake bi. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: a gidanki wa ya rasa me?

Bari in fara da biyun da aka fi rububinsu, bitamin C da zink.

Bitamin C ya yi suna a kan mura ne tun 1970, lokacin da Linus Pauling, masanin kimiyya ɗan Amurka da ya ci kyautar Nobel sau biyu, ya rubuta littafi yana cewa shansa da yawa yana hana mura. Daga nan likitoci suka yi ta gwadawa shekara da shekaru. A 2013 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da suka ƙunshi mutane sama da 11,000, kuma abin da ya fito shi ne masu sha kullum suna kamuwa da mura daidai da waɗanda ba sa sha. Abin da ya ragu kawai tsawon ciwon ne, da kusan kashi 8 cikin 100 ga manya, kashi 14 ga yara. Wato murar da za ta yi mako guda ta ragu da kamar rabin yini ga babba. Wanda kuma ya bari sai da atishawa ta fara sannan ya ruga ya saya, ba a ga wani tabbataccen amfani a gare shi ba. Waɗanda aka ga ya kare sosai su ne masu gudun fanfalaki da sojojin da ke atisaye cikin ƙanƙara, ba mai zaman gida ko ofis ba.

Sannan ki duba yawan. Babban namiji yana buƙatar kusan miligiram 90 a rana, mace 75. Ƙwayar da aka nuna miki ta ninka wannan fiye da sau goma. Idan aka wuce miligiram 1,000 a rana hanji ba ya tsotsar ko da rabinsa, abin da ya shiga jini ya yi yawa kuma ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Wuce 2,000 yana kawo gudawa da murɗar ciki, kuma mai tarihin tsakuwar ƙoda bai kamata ya riƙa dirkar irin wannan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a Jos muke. Gwaiba mai nauyin giram 100 tana ɗauke da fiye da miligiram 200. Lemon zaƙi matsakaici guda ɗaya yana ba da kusan 70. Jan tattasai ya fi lemo, kabeji yana da shi, tumatir da dankalin turawa ma suna taɓawa, ga sitoberin da ake nomawa a nan Filato. Motoci suna lodin kayan gwari daga Farin Gada zuwa Abuja da Legas, mu kuma da muke bakin kasuwar mu je mu sayi na gwangwani da aka shigo da shi daga waje. Abin kiyayewa ɗaya ne: wuta tana kashe bitamin C. Kabejin da aka dafa ya yi lugub ya rasa mafi yawan nasa. A wanke da ruwa mai tsabta a yi kwaɗo, ko a zuba ganye a ƙarshen girki a sauke da wuri.

Zink lamarinsa daban ne, kuma shi na fi ɗauka da muhimmanci. Na farko, ƙarancinsa a cikinmu abu ne mai sauƙin faruwa. Jiki ba shi da wata babbar ma'ajiyarsa, sai an riƙa ci kullum: miligiram 11 ga namiji, 8 ga mace. Cimarmu kuwa tuwon masara ne da dawa da gero, kuma a jikin hatsi akwai wani sinadari da ke riƙe zink ya hana hanji tsotsarsa. Gidan da nama da kifi da ƙwai ba sa shiga sai jefi-jefi, yaransa za su iya rasa zink alhali cikinsu a ƙoshe yake. Likita Ananda Prasad ne ya fara gano wannan a farkon shekarun 1960 a Iran da Masar, a kan samari da suka tsumbure saboda kusan burodin alkama kawai suke ci. Jiƙa hatsi da barin gasara ta tsima, kamar yadda iyayenmu suke yi wa kamu, yana rage ƙarfin wancan sinadarin. Wake, gyaɗa, riɗi da agushi duk suna da zink, amma na hanta da jan nama ya fi shiga jiki.

Na biyu, zink yana da aikin da babu jayayya a kansa, sai dai ba na mura ba ne. A 2004 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar cewa yaron da ke gudawa a ba shi zink tare da ruwan gishiri da sukari na ORS, kuma adadin da suka sa a lokacin shi ne miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata shida kuma miligiram 10. Yana rage tsawon gudawar da tsananinta, yana kuma rage dawowarta a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Kuskuren da iyaye mata suke yi shi ne dainawa ranar da zawo ya tsaya. A cika kwanakin. Idan za ki ajiye wani abu a gida saboda autarki, wannan ne, kuma kuɗinsa bai kai na kwalbar maltibitamin ɗin ba.

Game da mura, zink ɗin da aka ga alamar yana rage kwanakinta ga manya shi ne na tsotsawa kamar alewa, wanda ake fara sha a ranar farko kuma da yawa, ba ƙwayar haɗiya ba. Ko shi ɗin ma hujjarsa ba ta da ƙarfi sosai, ga ɗaci a baki da tashin zuciya. Kuma zink ba kamar bitamin C ba ne da jiki ke zubar da rararsa cikin sauƙi. Iyakar babba miligiram 40 ce a rana, alhali wasu ƙwayoyin da ke kan kanta 50 ne. Wanda ya ɗauki watanni yana sha zai iya hana jikinsa tsotsar sinadarin tagulla, jini ya ragu, fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta su ragu. Ya sha don garkuwa, ya ƙare da raunana ta. Yana kuma hana wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifiro da tetirasaikilin shiga jiki in an sha su lokaci ɗaya, sai an raba da sa'o'i.

Idan aka jera su, bitamin C ba ya cika cutarwa amma amfaninsa ɗan kaɗan ne kuma kasuwa ta wadatar da ke daga sayensa. Zink ya fi shi aiki, ya kuma fi shi haɗari in aka mayar da shi abin sha na kullum.

Bitamin D shi ne na surukarki, in ma akwai mai buƙatarsa. Fata ce ke ƙera shi idan rana ta taɓa ta, don haka yaran da ke wasa a tsakar gida da maigidan da ke fita nema ba su ne abin damuwa ba. Tsohuwar da ke yini a ɗaki cikin rigar sanyi da bargo, da matar da ke kulle a gidan da rana ba ta shiga, su ne za su iya rasawa, kuma fatar tsoho ba ta ƙera shi kamar ta yaro. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2017, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 25, ya nuna raguwa kaɗan a cututtukan numfashi gaba ɗaya, amma raguwar ta fi yawa nesa ba kusa ba ga waɗanda tun asali suke da ƙarancinsa sosai. Buƙatar babba IU 600 ce a rana (IU shi ne ma'aunin da ake rubuta adadinsa da shi a jikin kwalba), wanda ya haura shekara 70 kuma 800, iyaka 4,000. Akwai masu sayar da na IU 50,000, wannan na likita ne ba na shan kullum ba, domin bitamin D taruwa yake a jiki, ya ɗaga kalsiyam a jini har ya taɓa ƙoda. Kafin ki kashe kuɗi, a riƙa shimfiɗa wa Mama tabarma a waje da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe. In tana kukan ciwon ƙashi ko raunin cinyoyi wajen tashi, likita ya duba ta, shi zai faɗi adadin.

Akwai wani abu da ya faru a garin nan da nake so kowa ya sani, domin yana nuna haɗarin yin zato. Duniya ta daɗe da sanin cewa ciwon da ke lanƙwasa ƙafafun yara su zama gwame ko baka daga rashin bitamin D yake. Amma a Jos ana ta ganin yara da shi, ga kuwa rana. Likita Thomas Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka ɗauki yara 123 masu wannan ciwo suka kasa su uku: wasu bitamin D, wasu kalsiyam, wasu duka biyun, na tsawon mako 24. Sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna waɗanda suka samu kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Yaran ba sa samun madara, abin da suke ci na kalsiyam bai wuce kusan miligiram 200 a rana ba. Likitoci da kansu sai da suka gwada kafin su gane abin da yaranmu suka rasa, balle mai kanti da ke son kayansa su ƙare.

Kwalbar maltibitamin ba zan daɗe a kanta ba. Kaɗan-kaɗan ne na kowane abu, tana da amfani ga wanda ba ya iya cin abinci sosai, kamar tsoho ko mai murmurewa daga doguwar jinya, kuma mai arha da ke da lambar NAFDAC tana yin aikin mai tsada. Ki juya bayan kwalbar ki karanta. In akwai sinadarin ƙarfe, irin na maganin ƙarin jini, a ɓoye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin yaro ya haɗiye da yawa yana iya rasa ransa, kuma mai sikila kada ya sha sai da izinin likitansa. Mai juna biyu ta tsaya ga abin da aka ba ta a wurin awo, kada ta haɗa da wani, saboda bitamin A mai yawa yana lahanta ɗan tayi.

Abin mamaki, wanda ya fi dukkansu hujja ga yarinya mai shekara biyu ba ya cikin abin da aka jera miki, kuma kyauta ne. Bitamin A ne, wanda ake matsa wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 a baki duk bayan wata shida: shuɗin ƙwanso mai IU 100,000 ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya, ja mai 200,000 ga waɗanda suka haura. Ana bayarwa a makon lafiyar mata da yara da kuma asibitocin sha-ka-tafi. Shi ke kula da fatar cikin hanci da huhu da hanji, inda cuta ke fara shiga, yana hana dundumi, yana rage mutuwar yara daga ƙyanda da gudawa. Ki buɗe katin rigakafinta ki ga yaushe aka ba ta na ƙarshe, ki kuma duba ko ta karɓi allurar ƙyanda ta biyu. A gida manja, karas, kabewa, zogale da hanta suna cike sauran.

Ƙaramin yaro ya yi mura sau shida zuwa takwas a shekara ba alamar raunin garkuwa ba ce, musamman in yana da yayye masu kwaso ta daga makaranta. A lokacin sanyin nan kuma ki lura da kaskon gawayi da ake shigarwa ɗaki a rufe ƙofa da taga: hayaƙinsa yana tayar da tari fiye da yadda kowace ƙwaya za ta kwantar, kuma yana kisa cikin barci. Abin da zai sa ki bar maganar kemis ki nufi asibiti shi ne numfashin yarinya ya yi sauri, ko ƙasan ƙirjinta ya riƙa lotsawa in ta ja iska, ko ta ƙi ci da sha, ko zazzaɓi ya zo, wanda sai an gwada jini a ga ko na cizon sauro ne. Duk wanda kuma tarinsa ya kai mako biyu a gidan, babba ko yaro, a kai shi gwajin tarin fuka, kyauta ake yi a asibitocin gwamnati.