Zoom a wayar hannu: ya cancanta a dogara da shi ranar intabiyu?

Kamfanoni da ƙungiyoyi da dama yanzu kan fara tantance mai neman aiki ta bidiyo kafin su ce ya zo ofis, kuma Zoom na cikin manhajojin da aka fi turo wa mutane. Ga wanda ya gama bautar ƙasa, bai da kwamfuta sai waya, manhajar tana biyan buƙata. Sai dai tana da 'yan tarkuna da ke zubar da mutuncin mutum tun bai buɗe baki ba.

Abin yabonta na farko, shiga kyauta ne, kuma galibi ba sai ka buɗe asusu ba. Lambar taro da kalmar sirri sun wadatar. Iyakar minti 40 da ake yawan magana a kai ta shafi mai kiran taron ne idan bai biya kuɗi ba. In an katse a daidai nan, ka sake shiga ta mahaɗin (link) da aka turo maka ko lambar taron, kar hankalinka ya tashi. Tana kuma da juriya idan sabis ya yi rauni, hoto kan dushe amma murya ta ci gaba. Bidiyon mutum biyu na yau da kullum yana cin wajen megabait 540 a awa ɗaya, don haka ka tanadi gigabait 1 ko fiye.

Inda take ba da matsala shi ne sauti. Shiga taro daban, haɗa murya daban. Da ka shiga za ta tambaye ka ta inda za ka ji, sai ka taɓa zaɓin Wi-Fi ko data. Wanda ya tsallake wannan zai ga bakunan masu tambaya na motsi, shi bai ji su, su ba su ji shi. Wannan tsari bai yi ba, domin sabon shiga ba shi da yadda zai gane. Haka kuma, in ka ja fuskar wayar zuwa dama bisa kuskure, za ta kai ka yanayin tuƙi, ta rufe makirufo da kyamara.

Sai suna. Idan ba ka rubuta naka ba, sau da yawa sunan wayar ke fitowa. Ka yi tunanin ma'aikacin da ke duba ɗakin jira na Zoom, inda ake tsayar da mutane kafin a shigar da su taron, da jerin sunaye a gabansa, ya ga an rubuta Tecno ko Infinix. Ba lallai ya buɗe maka ba. Rubuta cikakken sunanka kamar yadda yake a takardunka.

Babban haɗarin ma daga wayar yake. Kira na shigowa, murya ta yanke, a waya mai layi biyu kuwa data kan tsaya gaba ɗaya. Maganinsa, ka ari wata wayar ta ba ka intanet, ka sa taka a yanayin jirgin sama, sannan ka kunna Wi-Fi.

Kwana ɗaya kafin ranar, shiga zoom.us/test ka gwada murya da hoto a ɗakin da za ka zauna. Jingina wayar a kwance kan littattafai daidai tsayin ido, taga a gabanka. In tana bayanka, inuwa kawai za a gani. Sa abin ji na kunne mai waya, ya fi rage ƙarar janareto da amsa-kuwwa. Lokacin amsa tambaya ka kalli kyamara, ka ɗan dakata bayan mai tambaya ya gama, saboda murya kan yi jinkirin isowa.

A duba agogo ma, idan masu intabiyun suna wata ƙasa. Ƙarfe 10 na safe a Nairobi ƙarfe 8 ne a Kano da Yamai. Ka shiga minti 10 kafin lokaci, da cikakken caji, da lambar wanda ya gayyace ka a rubuce a takarda ko da sabis zai ɗauke.