Sharhi: hayar siririn jirgin ruwa a mashigin Llangollen cikin watan Afrilu

Ni da iyalina mun ɗauki hayar irin siririn jirgin nan na Birtaniya daga wani kamfani kusa da garin Ellesmere, muka bi mashigin, wato hanyar ruwa da aka haƙa, muka nufi Llangollen da ke Wales. Tafiyar ta biya kuɗinta, amma ga wanda ya yarda ya yi aiki da hannunsa, kuma ba ya gaggawa.

Faɗin jirgin bai wuce mita 2 da ɗan ɗoriya ba, don haka aka jera komai a tsaye: wurin zama, kicin, banɗaki, gadaje. Mun same shi tsaf, da tukwane da barguna da iskar gas. Ba a neman lasisi. Ma'aikacin kamfanin ne ya nuna mana tuƙi, sai dai ya yi bayanin a gurguje, alhali wanda bai taɓa riƙe sandar tuƙin ba yana bukatar a bi da shi sannu. In kana son hancin jirgi ya yi dama, hagu za ka tura sandar, kuma babu birki, sai ka sa injin ya ja baya. Wannan ne babban ƙorafina da su. Na biyu, na'urar ɗumama ɗaki ba ta iya da sanyin asuba ba. Afrilun can rana ce mai daɗi da hantsi, dare kuwa sai ka haɗa bargo biyu.

Doka ta hana wuce mil 4 a awa, kuma a wannan mashigi ko hakan ba ka samu in ka nufi yamma. Ruwansa yana gudu ne, domin daga kogin Dee ake ɗebo shi a Horseshoe Falls ana kai shi madatsar Hurleston, to kai da ke hawa kana tafiya ne saɓanin gudunsa. Masu tafiya a ƙasa suna wuce mu suna gaishe mu. Da farko yara sun ƙosa. Daga baya su ne suka fi kowa zuba ido: 'yan raguna sababbin haihuwa a makiyaya, agwagwa da 'ya'yanta a jere suna tsallake gabanmu, ga tafarnuwar daji tana ƙamshi a ƙarƙashin itatuwan da suka fara toho.

Tsakanin Ellesmere da Llangollen ƙofofin ɗaga jirgi biyu ne kacal, a New Marton, shi ya sa nake ganin wannan sashe ya dace da sabon shiga. Ka shigar da jirgi, a rufe ƙofa, a murɗa ƙarfe da hannu ruwa ya cika, jirgi ya tashi. Uwargida ce ta riƙe wannan aiki, ta ce min, "Baban Amina, kai dai riƙe jirgin kada ya bugi bango."

A Chirk ka bi gadar ruwa, wato gadar da ke ɗauke da mashigin, bisa kogin Ceiriog, ka bar Ingila ka shiga Wales, nan take kuma sai rami mai duhu da ya haura mita 400, ruwa na ɗiga daga sama. Amma abin da ya kai mu shi ne gadar ruwa ta Pontcysyllte. Thomas Telford da William Jessop ne suka gina ta, aka buɗe a 1805, UNESCO kuma ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Tsawonta mita 307, tsayinta mita 38 sama da kogin Dee. Kwami ne na ƙarfe da aka ɗora kan ginshiƙan dutse. Gefe ɗaya akwai hanyar ƙafa da shinge, ɗaya gefen kuwa babu komai sai bakin ƙarfen da ya ɗan ɗara ruwa. Ina tsaye a baya riƙe da sanda, na leƙa na ga saman itatuwa a ƙasa da ni, sai da na yi salati. Yara suna ciki, ƙofa a rufe, kuma haka nake ba duk mai ƙananan yara shawara ya yi.

Dab da Llangollen mashigin yana tsukewa har jirage biyu ba sa iya gilma juna, dole wani ya sauka ya yi gaba da waya ya duba hanya.

Ga 'yan'uwa Musulmi: ku sayi namanku na halal tun daga birni, don ƙauyukan hanyar ba su cika samunsa ba. Salla kuma ta fi sauƙi in an ɗaure jirgi, saboda alƙibla tana juyawa da kowace kwana. Wurin ɗauri ba ya wuya a Afrilu, kuma haya ta fi sauƙi kan ta watan Agusta, ko da yake har yanzu da tsada, gara iyali biyu su haɗa kuɗi. Ku tambayi kamfani tun farko ko man jirgi yana cikin farashin, ku kuma nace a yi muku gwajin tuƙi a natse kafin a sake muku igiya.