MikroTik hEX a aikin haɗa Garwa, Marwa da Kuseri ta VPN: sharhin mai amfani da ita

Kamfanin sayar da kayan masarufi da nake kula wa da kwamfutoci yana da babbar mangazarsa a Garwa, yana kuma da reshe ɗaya a Marwa da wani a Kuseri, kusa da gadar Ngeli da ke tsallakawa zuwa Njamena. Manhajar da ke riƙe lissafin kaya da na basussuka tana kan kwamfuta guda a ofishin Garwa, kuma abin da Alhaji mai kamfanin yake so shi ne duk buhun shinkafa ko katan ɗin sabulun da ya fita a reshe ya bayyana a lissafi nan take, ba sai an jira hotunan rasit ta WhatsApp da daddare ba. Wasu suna magance irin wannan buƙata ta hanyar buɗe kwamfutar lissafin ga intanet kai tsaye, su dogara da kalmar sirri kaɗai, alhali ƙofa irin wannan ba ta daɗewa a buɗe kafin na'urorin masu kutse, waɗanda ke laluben adireshi dare da rana, su fara gwada ta. Abin da ya dace shi ne VPN, wato keɓantacciyar hanya da ake shimfiɗawa a cikin intanet, wadda duk bayanin da ya bi ta cikinta a kulle yake daga wannan ofis har zuwa wancan. Na'urar da muka ɗora wa wannan aiki a dukkan wuraren uku ita ce MikroTik hEX, samfurin RB750Gr3.

MikroTik kamfani ne na ƙasar Latbiya da aka kafa a 1996, cibiyarsa tana birnin Riga. Ita hEX ƙaramar akwati ce da ba ta wuce tafin hannu da yawa ba, tana da ramukan waya 5 masu gudun gigabit, da ramin USB, da wurin sa katin microSD. Ƙwaƙwalwarta tagwaye ce mai gudun megahaz 880, ma'ajiyar aikinta megabait 256. Ba ta watsa Wi-Fi, don haka wanda ya saye ta da zaton za ta ba wayoyin ma'aikata rezo ya san cewa sai ya ƙara wata na'ura. Farashin da kamfanin ya sa mata ya kusa dalar Amurka 60, amma kafin ta taso daga Duwala ko Yawunde ta iso hannunmu, kuɗin duwan da na sufuri da ribar mai shago sun hau kai. Duk da haka tana cikin na'urorin tsaro mafi sauƙin kuɗi da ɗan kasuwa zai iya samu, kuma ba a biyan lasisin shekara kafin VPN ɗinta ya yi aiki ko kafin a sabunta manhajarta.

Abu na farko da ya sa na yarda da ita a yankinmu shi ne yadda take cin wuta. Tana karɓar wuta daga bolt 8 zuwa 30, cinta kuma 'yan wat ne ƙalilan, saboda haka ana iya haɗa ta da batirin sola mai bolt 12 ba tare da inbata a tsakani ba. Duk mazaunin Arewacin Kamaru ya san halin da ake shiga a bazara idan ruwan dam ɗin Lagdo ya yi ƙasa, aka koma rabon kuran unguwa-unguwa. A rassanmu mun ɗora ta ita da modem a kan batiri guda, ta yadda ko an ɗauke wuta hanyar tana nan a buɗe. Ba ta da fanka a ciki, ƙurar hunturu ba ta samun abin da za ta toshe, kuma ta ratsa zafin Maris da Afrilu na Garwa, lokacin da ma'auni ke haura 40, ba tare da ta kashe kanta ba. Sharaɗi kawai a rataye ta a bango inda iska ke wucewa, kada a cusa ta cikin durowa ko a jingina ta da rufin kwano.

Manhajar da ke tafiyar da ita, RouterOS, tana ba da nau'o'in VPN da dama, kuma a nan ne mai saya ya kamata ya sa ido a kan abin da ma'aikacinsa zai zaɓa. PPTP yana cikin jerin, shi ne kuma mafi saurin haɗawa, shi ya sa har yanzu ake samun masu ɗora wa mutane shi. Bai kamata a yarda da shi ba ko kaɗan. Tun a 2012 masana suka nuna a fili yadda ake fasa tsarin tantancewarsa, kamfanin Apple kuma ya cire shi daga wayoyinsa a 2016. Zaɓi na gaskiya yana tsakanin IPsec da WireGuard. IPsec tsohon hannu ne, kusan duk wata babbar na'urar tsaro ta san shi, kuma hEX tana da wani sashe na musamman a ƙwaƙwalwarta da ke ɗauke mata nauyin kulle bayanansa. Idan banki ko wani babban kamfani ne zai haɗa da ku, galibi shi za su nema. Wahalarsa ita ce yawan abubuwan da dole su zo ɗaya a ɓangarorin biyu, kama daga nau'in kulle har zuwa rukunin musayar makulli, kuma saɓani guda ya isa ya hana hanya tashi.

Mu WireGuard muka ɗauka. Jason Donenfeld ne ya ƙirƙiro shi, aka shigar da shi cikin Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, a Maris 2020, ya kuma iso na'urorin MikroTik tare da RouterOS 7 a ƙarshen 2021. Wanda ya sayi hEX ya tarar da RouterOS 6 a kanta, sai ya ɗaga ta zuwa 7 kafin ya gan shi. Kowace na'ura tana ƙirƙiro makulli biyu, na fili da na sirri. Na filin kamar kwaɗo ne da za ka miƙa wa abokin hulɗarka ya rufe maka saƙo da shi, na sirrin kuwa shi ne ɗan makullin da ke buɗe kwaɗon, kuma ba ya barin na'urar da aka haife shi a cikinta. Wani halin WireGuard da na fi so shi ne ba ya amsa wa wanda bai zo da sanannen makulli ba, har mai laluben ƙofofi daga waje ba ya gane akwai wani abu a wurin. Na'urar ba ta da sashen da ke taimaka masa kamar yadda take yi wa IPsec, da ƙarfin ƙwaƙwalwarta take yin aikin, amma a layukan da muke da su a rassa, layin ne ke gajiya tun kafin ita ta gaji.

Saitin kansa yana buƙatar natsuwa, domin RouterOS ba ta yi wa mutum zato. Kowace hEX tana fitowa daga kwali da adireshin 192.168.88.1, kuma idan aka bar ofisoshi uku a kan wannan jeri guda, kwamfutar Kuseri za ta riƙa neman ta Garwa a cikin ɗakin da take. Dole kowane wuri ya sami jerinsa daban tun ranar farko. Bayan an shigar da makullan fili, ana rubuta wa kowane abokin haɗi adireshin da aka yarda su bi ta wurinsa, amma wannan jerin shi kaɗai ba ya nuna wa na'urar inda za ta tura kaya, sai an ƙara mata hanyoyin da hannu. Haka nan katangar tsaron da take zuwa da ita tana watsar da duk abin da ya fito daga waje, don haka ƙa'idar da ke buɗe ƙofar WireGuard, wadda lambarta ta asali a MikroTik ita ce 13231 ta UDP, dole ta zauna a saman ƙa'idar watsarwa, domin daga sama zuwa ƙasa ake karanta su. Idan hanya ta tashi, ƙananan saƙonni suna wucewa amma manhajar lissafi tana maƙalewa wajen buɗe dogon rahoto, to a duba girman ƙunshin bayanai, wanda ke farawa a 1420, a rage shi.

Babban abin da ke kayar da aikin VPN a wajenmu kuwa ba ya cikin akwatin. Yawancin rassa a kan modem na 4G suke, kamfanonin waya kuma kan tara masu layi da yawa a bayan adireshin fili guda, ta yadda na'urarka za ta iya fita intanet amma babu mai iya kiran ta daga waje. Gane wannan ba shi da wuya: idan adireshin da modem ya samu ya fara da 10, ko ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to ba na fili ba ne. Ofisoshi biyu da ke cikin wannan hali da wuya su sami juna kai tsaye, kome ƙwarewar mai saiti. Lallai ne ɗaya daga cikinsu ya kasance da adireshin da ake iya kira. Mu mun biya kuɗin tsayayyen adireshi a kan layin ofishin Garwa, rassan biyu su ne ke kira, kuma an umarce su su riƙa aika ɗan saƙon raya hanya duk bayan daƙiƙa 25, don kada kamfanin waya ya ɗauka haɗin ya mutu ya rufe shi. Wanda bai sami tsayayyen adireshi ba zai iya hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet, a ƙasar waje ya ɗora mata RouterOS, duk ofisoshin su haɗu a can. Hakan yana aiki, sai dai lissafin da ya tashi daga Marwa zai je Turai ya dawo kafin ya isa Garwa, mai karɓar kuɗi kuma zai ji wannan jinkirin a kowace dannawa. Ina ba kowa shawara ya warware maganar adireshi tukuna, sannan ya fitar da ko sefa ɗaya wajen sayen na'ura.

Akwai kuma batun agogo, wanda yawan ɗauke wuta ya sa ya shafe mu fiye da wasu. Na'urar ba ta da batirin riƙe lokaci, idan ta mutu ta farfaɗo tana iya dawowa da tsohon lokaci. WireGuard kuwa yana liƙa lokaci a saƙon gaisuwarsa, ɗaya ɓangaren kuma yana ƙin duk gaisuwar da lokacinta ya gaza na wadda ya riga ya karɓa, don kada wani ya naɗi tsohon saƙo ya sake aika shi. Maganin shi ne a saita na'urar ta riƙa gyara agogonta daga intanet da zarar ta tashi, kuma neman lokacin ya bi ta layin waje, ba ta cikin hanyar da ba ta riga ta buɗe ba.

Na'urar da ke tsaron ƙofa ita ma tana buƙatar tsaro. A Afrilu 2018 MikroTik ya toshe wata ɓaraka a WinBox, manhajar da ake saita na'urorinsa da ita, wadda ta ba masu kutse damar karanta kalmomin sirri daga nesa, kuma an ci gaba da kame na'urori masu ɗimbin yawa bayan fitar gyaran saboda masu su ba su sabunta ba. Don haka ƙofar WinBox mai lamba 8291 kada ta fuskanci intanet, a bar ta ga na cikin ofis da masu shigowa ta VPN kawai. A kashe telnet da FTP da sauran hidimomin da ba a amfani da su, a buɗe sabon asusun shugaba mai doguwar kalmar sirri a soke na asali. WinBox yana da wani maɓalli na yanayin kariya da ke mayar da duk canjin da aka yi idan haɗi ya yanke. Wanda yake Garwa yana taɓa katangar tsaron Kuseri, mai nisan fiye da kilomita 400, ya kuma san halin hanyar Mora zuwa Dabanga, ba zai yi aiki ba tare da ya danna shi ba.

Rauninta a fili yake. Ma'ajiyarta ta dindindin megabait 16 ce kawai, wadda ta matse wa RouterOS 7, don haka ba a cika ta da fayiloli ko ƙarin manhajoji. Hidimar Back To Home, wadda MikroTik ya fitar don sauƙaƙa haɗi ga marasa adireshin fili, ba ta aiki a kan irin ƙwaƙwalwar wannan samfuri, haka ma ZeroTier, wata manhajar haɗi makamanciyarta. Takardun bayanin kamfanin da Turanci suke, alhali yawancin masu gyaran kwamfutarmu da Faransanci suka yi karatu, wannan kuma yana tura su ga kwafar saiti daga bidiyo ba tare da fahimtar abin da kowane layi yake yi ba. Akwai sabon samfurin hEX mai ƙwaƙwalwar ARM da ma'ajiyar aiki megabait 512, saboda haka mai saya ya juya akwatin ya karanta lambar samfuri kafin ya biya.

Ga kamfani mai rassa biyu ko uku, ko kantin magani, ko makaranta, ko ƙungiyar manoman auduga da ke son haɗa ofisoshinta, ina ganin hEX ta cancanci kuɗinta, muddin akwai wanda ya san RouterOS da zai saita ta ya kuma riƙa duba ta. Asibiti ko ma'aikata mai ɗaruruwan kwamfutoci, wadda ke buƙatar na'urar da ke binciken abin da ke cikin zirga-zirga don kama ƙwayoyin cuta, ta nemi babbar na'urar tsaro, domin wannan ba aikin hEX ba ne. Duk mai kamfanin da ya ɗauko ma'aikaci ya yi masa wannan haɗi, ranar da aka gama aiki ya karɓi kalmar sirrin shugaba a hannunsa, da kwafin saitin kowace na'ura, da jerin duk wayoyi da kwamfutocin da aka ba makulli tare da sunayen masu su. Kowane mutum ya sami makullinsa shi kaɗai, ta yadda ranar da waya ta ɓace ko ma'aikaci ya bar aiki, layi guda na saiti za a share a na'urar Garwa, sauran rassa su ci gaba da aikinsu.