Gem ɗin yaƙin sararin samaniya da leƙen asiri: wanne za ka saya in kuɗin na faifai ɗaya ne?

Ƙanen matata ne ya jawo wannan rubutun. Yaron yana sayar da kayan waya a wajen Mile 12 a Legas, ya yi ta zubin adashi har ya samu na'urar gem ta PlayStation 4, wato PS4, tokumbo, sai ga shi ranar Asabar a gidanmu a Agege wai Yaya wane gem zan saya, ni irin na sojoji nake so amma ba na harbe-harbe zalla ba, wanda akwai leƙen asiri a ciki, akwai irin garin nan da kamfanoni suka fi gwamnati ƙarfi mutane na yawo da ƙarfe a jikinsu, kuma a hau jirgi a je a gwabza a sararin samaniya. Na ce to kai duka kake so kenan. Kuɗin hannunsa kuwa na faifai ɗaya ne tak, in ya yi kuskure sai wani zagayen adashin.

Amsar da na ba shi ita zan ba kowa: Mass Effect Legendary Edition. Ina da son kai a nan kuma ba zan ɓoye ba, na gama shi sau biyu ina kan na uku.

Ni yanzu kyan hoto ba shi nake fara dubawa ba. Tambayata ita ce, in na kashe intanet gem ɗin zai tashi? Kuma abin da aka zana a bayan kwali yana cikin faifan ko sai na je na sauke shi da datata? Wanda yake zaune a inda wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, ga man janareta ga kuɗin data, ya san me nake nufi. To Mass Effect ya ci wannan jarabawar. Kamfanin BioWare na Kanada ne suka yi shi, gem uku ne asali, na 2007 da na 2010 da na 2012, sai a watan Mayun 2021 suka gyara hotonsu suka haɗe su a kwali ɗaya tare da kusan duk ƙarin labaran da a da sai ka biya daban. Ba ruwansa da wasan haɗaka ta intanet, kai kaɗai ne da labarinka. In kana yin awa biyu bayan isha'i kullum, wallahi sai ka yi wata biyu ba ka ga ƙarshensa ba.

Labarin yana farawa a shekarar 2183, kai ne Kwamanda Shepard, sojan da ya zama ɗan Adam na farko da aka ɗauka cikin Spectre, wato jami'an sirri na majalisar da ke mulkin taurari daga wata ƙatuwar tasha mai suna Citadel. Su waɗannan jami'an doka ba ta hawa kansu, majalisa kaɗai suke amsa wa, kuma aikinka na farko shi ne farautar wani ɗan uwansu Saren da ya ci amana. Ka ga leƙen asirin ya shigo tun daga ƙofa. Amma na biyun shi ne zuma. Ana buɗewa aka farfasa jirginka Normandy ka mutu, wata ƙungiyar asiri mai suna Cerberus, masu aƙidar ɗan Adam sama da kowace halitta, suka kwashi gawarka suka yi shekara biyu suna haɗa ka da ƙarafa da na'urori har ka tashi, sannan suka ce to ka ci bashinmu. Shugabansu ko sunansa ba ka sani ba, yana zaune yana zuƙar sigari yana ba ka rabin gaskiya. Kana musu aiki kana sane ba mutanen kirki ba ne, su ma sun san ka sani. Akwai wata tasha Omega da aka fafe cikin dutsen sama, ba ɗan sanda ba kotu, wata mata Aria ce ke riƙe da ita daga gidan rawa, fitilu ja ko'ina, ƴan daba ƙungiya-ƙungiya kowa da unguwarsa. Ranar da na fara shiga na ce wannan ai ƙarƙashin gadar Oshodi ce ta da, kafin a share ta.

Abin da ya sa nake fifita shi a kan saura shi ne gem ɗin ba ya mantuwa. Hukuncin da ka yanke a na ɗaya yana bin ka har na uku. Akwai inda dole ka bar ɗaya cikin sojojinka biyu, Ashley ko Kaidan, ya mutu, wanda ka bari ya tafi kenan, ba zai dawo a na gaba ba. Aikin ƙarshe na na biyu kuwa in ba ka gyara jirgi ba, ba ka kula da matsalolin mutanenka ba, ko ka tura wanda bai dace ba wurin da bai dace ba, sai ka ga ana ɗauke maka su ɗaya bayan ɗaya, har kai kanka kana iya mutuwa. Zagayena na farko na rasa mutum biyu, na kashe na'urar na fita waje na sayi shayi ban yi wa kowa magana ba. Sannan rigingimun ciki ba na yara ba ne. Akwai ƙabilar krogan da aka yi amfani da su a yaƙi, da aka gama da su aka ji tsoron yawansu sai aka sa musu cutar da ke hana haihuwa, kuma likitan da ya taimaka wajen sabunta cutar yana cikin jirginka yana kare kansa da hujja. Akwai quarian da suka ƙera robot don su yi musu bauta, robot ɗin suka waye suka kore su daga duniyarsu, kusan shekara 300 suna yawo a jirage ba ƙasa, duk inda suka je ana musu kallon ɓarayi. Duk wanda ya taɓa zama baƙo a garin wasu zai ji wannan a jikinsa.

Aibinsa? Na ɗayan ya tsufa, tuƙa motar nan Mako a kan duwatsu sai ka yi haƙuri, surutu kuma da yawa da Turanci, ka kunna rubutun ƙasa. Ƙarshen na uku ya jawo rigima a 2012 har sai da suka fitar da ƙarin bayani kyauta, shi ma yana cikin wannan kwalin. Akwai kuma wuraren soyayya da ba na gaban yara ba ne, kana iya kauce musu in ba ka nema ba. Kuma ka riƙa adanawa da hannunka akai-akai, kar ka jira na'ura ta yi maka, masu wuta ba sa sallama.

In kuɗin bai kai ba, na biyu a wajena Killzone Shadow Fall ne, na Guerrilla Games da ke Amsterdam, ya fito tare da PS4 ɗin kanta a Nuwamban 2013 don haka tokumbonsa ba ya tsada. An ƙone duniyar Helghan a yaƙi, sai aka ba waɗanda suka tsira rabin duniyar Vekta aka gina katanga a tsakani, nan gilasai da ruwa mai gudu, can hayaƙi da gidajen kwantena, kamar ka tsaya a gadar Third Mainland kana kallon Makoko ga dogayen benayen Island a gaba. Kai ne Lucas Kellan, jami'in sirri mai tsallaka katangar da ɗan jirginsa mara matuƙi. A zahiri shi ya fi dacewa da abin da yaron ya lissafa, sai dai kwana huɗu ka gama, kuma an rufe wasansa na intanet tun Agustan 2022, kar mai shago ya ce maka za ka buga da mutane.

Titanfall 2 na 2016 labarinsa ya yi daɗi, kai da ƙaton robot ɗinka BT, amma awa shida ne, ara za ka yi ba saye ba. Call of Duty Infinite Warfare akwai dambe da jirage a sama, leƙen asiri babu. Deus Ex Mankind Divided leƙen asiri ne tsantsa a birnin Prague na 2029 inda ake ware masu ƙarfe a jiki kamar kutare, yana da kyau, sai dai ƙafarka ba ta barin ƙasa kuma labarin ya tsaya kamar an ɗauke wuta. Helldivers 2 ka manta da shi, babu shi a PS4, kuma ko a PS5 ba ya motsi sai da intanet.

Saura Cyberpunk 2077, wanda kowa ke kira, kuma a kansa aka cuce ni. In PS4 gare ka kar ka saya, magana ta ƙare. Ya fito ranar 10 ga Disamban 2020 da matsaloli har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet, bai dawo ba sai Yunin 2021, kuma babban gyaran da aka yi masa a 2023 bai zo PS4 ba. Ɓangaren leƙen asirin da ake yabo, Phantom Liberty, wanda Idris Elba ya fito a matsayin jami'in sirri Solomon Reed, inda jirgin shugabar ƙasa ke faɗowa a unguwar Dogtown, shi ma babu shi a PS4, sai a sabbin na'urori irin su PS5.

Ni da na haɗa kuɗi na koma PS5 sai na tafi Ikeja na shiga wani shago na ce Ultimate Edition nake so, mai haɗe da Phantom Liberty. Mutumin ya ciro kwali fes a leda, ya ce sabo ne, na biya, na sha gosulo na dawo gida. Ashe a na PS5 ƙarin labarin ba ya cikin faifai, wata takarda ce mai lambobi a cikin kwali da za ka shigar ka sauke, kuma sau ɗaya take aiki. Na shigar aka ce an riga an yi amfani da ita. Ledar ma ashe da injin zafi suka mayar. Washegari na koma, wai ai Alhaji faifan yana tashi ko ba ya tashi? Yana tashi. To me kuma kake so. Na tsaya kusan awa ɗaya ina hayaniya maƙwabtansa suka taru suna ba ni haƙuri da bakin da ke cewa ka tafi kawai, rasit ɗin da ya ba ni ko sunan shago babu. Tun daga ranar duk kwalin da aka rubuta wani babban suna a kai sai na juya bayansa na karanta ƙananan rubutun, in na ga maganar lambar saukewa to kuɗin gem ɗin zalla zan biya, ko kuma a shigar da lambar a gabana kafin kuɗi ya bar hannuna.

Ko lambar ba a taɓa ta ba akwai wani tarkon. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe akawun ɗin PlayStation, shi ya sa kowa a nan da na Amurka ko na Ingila yake amfani. Faifai zai tashi a kowace na'ura, amma lamba da ƙarin labari sai sun dace da yankin akawun ɗinka. Ka dubi gaban kwali daga ƙasa, in ka ga harafin M baƙi da fari na Amurka ne, in ka ga 18 cikin jan akwati na Turai ne. Mai akawun ɗin Amurka da ya sayi kwalin Turai ya sayi takardar banza. Haka katin kuɗin da ake sayarwa, na dala ba ya shiga akawun ɗin fam.

Sai masu cewa kawo na'urarka mu loda maka gem goma a kuɗin ɗaya. Abin da suke yi shi ne su sa akawun ɗinsu a na'urarka, akawun ɗin da suka sayar wa wasu ma, ranar da mai shi ya canza fasuwod ko ya cire na'urarka sai ka wayi gari ka ga ɗan kwaɗo a kan kowane gem, lambar wayarsa kuma a kashe. Wani abokina mai shayi a Idi-Araba sati uku kacal ya mora. Wasu kuma kutse suke yi wa na'urar, shi ke nan kai da sabuntawa har abada, ranar da yaro ya danna ofdet komai ya tafi.

Shi kansa Mass Effect ɗin da nake ta yabo, faifai biyu ne a kwalin PS4, kamar yadda Cyberpunk na PS4 yake, ɗaya na girkawa ɗaya na bugawa. An sha sayar wa mutane kwali da guda ɗaya a ciki. Ka buɗe ka ƙirga, ka ɗaga kowanne a haske ka duba bayansa da tsakiyar ramin ko ya tsage, sannan ka ce a sa shi a na'urar shagon ka ga ya fara girkuwa da idonka. In ya ce babu wuta, ka ce za ka jira a tada janareta. In ya ce yaronsa zai je sito ya ɗauko maka wani, kar ka ba da kuɗi sai ya dawo, kuma wanda aka gwada shi za a sa maka a leda, hannunka a kai, don musanya a ƙarƙashin kanta ba ta ɗaukar daƙiƙa biyu. Ƴan kan titi masu tare ka tun daga bakin gada suna oga me kake nema, ka wuce su ka shiga shago mai lamba, rasit kuma da suna da ranar da za ka iya dawowa.

Yaron dai tare muka je ranar Litinin, shago na uku muka samu mai faifai biyu lafiyayyu, na sa aka gwada duka biyun mai shagon yana ta tsaki. Jiya da daddare ya kira ni wai Yaya tsakanin Ashley da Kaidan wa zan ceta, na ce ni ba ruwana, ka dai adana kafin su ɗauke wuta.